Kuɗin GI Bill ba na jami'a kaɗai ba ne

Da yawa daga cikin sojojin Amurka da suka ajiye kaki sun ɗauka sai an shiga jami'a ake cin moriyar GI Bill, wato tallafin karatu da horo da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, wai wanda ya zaɓi kafinta ya yi asarar haƙƙinsa. Ba haka ba ne. Wanda ya shiga koyon aiki a ƙungiyar ƙwadago ta kafintoci mai suna UBC, galibi na shekara 4, albashi yake ɗauka tun ranar farko, kusan rabin na ƙwararre, ga kuma kuɗin gida na wata-wata daga VA, hukumar kula da tsofaffin sojoji, a ƙarƙashin tsarin Post-9/11, wato GI Bill na waɗanda suka yi aikin soja bayan harin 11 ga Satumba, 2001.

Sai dai kuɗin gidan raguwa yake yi: cikakke a wata 6 na farko, sannan kashi 80, 60, 40 cikin ɗari, kowanne na wata 6, har ya tsaya a kashi 20, tunda albashin yana hawa.

Inda ake tuntuɓe shi ne awannin aiki. Duk watan da bai kai awa 120 ba, ko don sanyi ya tsayar da zuba kankare, za a zaftare kuɗin. In ba a aika wa VA lissafin awannin ba, shiru za ka ji. Ka tanadi takardar sallama DD-214 kafin ka yi rajista da Helmets to Hardhats, shirin da ke haɗa tsofaffin sojoji da koyon sana'o'in gini.