Sarrafa saurin hawa bayan tashi a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama

Saurin hawa shi ne yawan ƙafar da jirgi ke ƙarawa sama cikin minti ɗaya. A manhajojin kwamfuta irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane, nan ne sabon matuƙi ya fi tuntuɓe: yana barin ƙasa sai ya ga allurar da ke auna hawa ta nuna ƙafa 5,000 ko 6,000 a minti, ya shiga danna hancin jirgi yana sakewa. Ƙa'idar manyan jiragen fasinja kuwa ita ce, da hanci ake riƙe gudu, shi kuma hawan ya fito daga nauyin jirgi da ƙarfin inji da zafin iska. Wanda ya riƙe gudun daidai bai da aiki da allurar hawa a mintin farko.

Misali daga Ikeja

Masu koyo a Agege da Ikeja galibi suna farawa da filin da ke bayan gidansu, wato filin Murtala Muhammed, mai lamba DNMM. Titin tashin jirgi mai lamba 18R tsawonsa mita 3,900 ne, filin kuma ƙafa 135 kacal yake bisa teku. Sai dai lissafin jirgi an gina shi kan zafin digiri 15 a bakin teku, alhali da rana Legas kan haura 30. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgi kan yi kamar daga tudu mai kusan ƙafa 2,000 ya tashi. Idan an kunna yanayi na ainihi a manhaja, dole a sa wannan zafin cikin lissafi.

Kafin a tura totur

Yawancin matsalar tun a ƙasa ake ƙulla ta. Manhaja kan ba da jirgi ba fasinja ba kaya, da mai kaɗan, sannan mai wasa ya ba shi cikakken ƙarfi. Jirgin da aka ƙera ya tashi da jimillar nauyi har kusan tan 79, kamar Boeing 737-800, in ya tashi da tan 50 ba abin da zai hana shi cilla sama. Maganin shi ne a loda fasinja da kaya da man tafiya ta gaske, misali Legas zuwa Kano, a shigar da nauyin a kwamfutar jirgi ta fitar da V1 (gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi) da VR (gudun ɗaga hanci) da V2 (gudun hawa lafiya ko da inji ɗaya ya mutu), a saita tirim, wato abin daidaita hancin jirgi, cikin koren zango, sannan a rage ƙarfin tashi. A Airbus ana kiran wannan rage ƙarfi FLEX: a rubuta wa inji zafin da ya fi na gaske, sai ya ba da ƙarfi daidai buƙata. Matuƙa na gaske haka suke yi kusan kullum don inji ya daɗe.

Ɗaga hanci da hawan farko

A VR ake jan sanda a hankali, digiri 2 zuwa 3 a daƙiƙa, har hanci ya doshi digiri 15. Aikin daƙiƙa biyar ko shida ne. Fizga ɗaya na iya goga wutsiyar 737-800 a titi, domin wajen digiri 11 take taɓawa. Sandar roba ta tebur ba ta da nauyin ta gaske, saboda haka yana da kyau a rage kaifinta a saitin manhaja.

Da an ga jirgi na hawa sai a naɗe tayoyi. Daga nan ido ya koma kan gudu: 737 na neman V2 da ƙarin not 20, Airbus A320 kuma V2 da ƙarin 10, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Gudu ya yi yawa, a ɗan ɗaga hanci. Ya ragu, a ɗan sauke. Ko allura ta nuna 2,500 ko 4,000, duk daidai ne muddin gudun na wurinsa.

A A320, a ƙafa 1,500 bisa fili rubutun LVR CLB zai fara walƙiya a allo, sai a dawo da totur zuwa CL, wato matsayin ƙarfin hawa. Hanci zai sauko, hawa ya ragu sosai, gudu ya ƙaru, a riƙa janye filaf, wato ƙarin fiffiken da aka zaro don tashi, mataki-mataki. Wannan raguwar ba matsala ba ce. Ƙasa da ƙafa 10,000 gudun da aka saba shi ne not 250.

Haɗarin V/S

Babban kuskure shi ne danna V/S, maɓallin da ke sa na'urar tuƙi ta riƙe saurin hawa, a rubuta 4,000 tun jirgi na ƙasa-ƙasa. Na'urar tuƙi za ta bi lambar ido rufe, ta ci gaba da ɗaga hanci, gudu na zubewa har fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi. Saitin na'urar tuƙi na LVL CHG ko VNAV a Boeing, da CLB ko OP CLB a Airbus, su ne ke kare gudu. Amfanin V/S yana zuwa ne dab da isa tsayin da aka ba ka: a ƙafa 1,000 na ƙarshe ana so hawa ya sauko ƙasa da 1,500 a minti, don kada TCAS, na'urar gargaɗin karo da wani jirgi, ta ɗauka za ka faɗa wa jirgin da ke samanka.

Lokacin hunturu, in ƙura ta rufe sararin Legas, ba a ganin iyakar ƙasa da sama ta taga. Nan dole a dogara da allon da ke nuna digirin hanci tun daga VR.