Abin da madubi ba ya nunawa

Duk lokacin da muka je wayar da kai wata makarantar sakandare, ko a Tudun Wada ko a cikin birnin Zariya, da kwalina nake tafiya. In na ce mai tambaya ya ɗaga hannu, ajin sai ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Amma in na ce kowa ya rubuta a takarda, kada ya sa suna, ya nannaɗe ya jefa a kwali, kafin a tashi ya cika. "Anti, ƙawayena duk sun fara al'ada ban da ni, ko ba zan haihu ba?" "Me ya sa mamana ɗaya ya fi ɗaya girma?" Wani yaro ya rubuto da ƙananan haruffa: "Malama, ni namiji ne, amma ƙirjina ya kumbura." Wadda ta fi yawa kuwa ita ce, "Wane mai zan shafa in yi haske?" Da wuya in ga takardar da ta tambayi jinsin jini, wato jinotaif, alhali shi ne gadon da zai fi shafar aurensu da 'ya'yansu.

Bari in fara da abin da ke hana su barci. Balaga daga ƙwaƙwalwa take farawa. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, likitoci na ce mata fituwitari. Idan lokaci ya yi, ita ke aika saƙo ta cikin jini, jikin mace ya fara samar da sinadarin istirojin da yawa, na namiji kuma testostiron. Mace takan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji tsakanin 9 zuwa 14. Al'ada takan zo kamar shekara 2 bayan ƙirgen dangi, kuma a shekarun farko ba lallai ta zo kowane wata ba. Don haka 'yar shekara 13 da ba ta fara ba, babu abin tashin hankali. Idan ta kai 15 shiru ne za a kai ta asibiti a duba. Mama ɗaya ya riga ɗaya girma abu ne da aka saba gani. Kumburin ƙirjin samari shi ma yana samun yara da dama, kuma yakan baje da kansa cikin shekara 1 zuwa 2. Ƙurajen fuska kuwa, sinadaran balagan ne ke sa fata yawan maiƙo, ba wai jinin yaro ne ya lalace ba.

Lokacin farawar ma akwai gado a ciki. Uwar da ta yi jinkirin fara al'ada, sau da yawa 'yarta ma haka. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da zaren gado guda 46 a ƙwayoyin jikinsa, ana ce musu kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu ne tsawo da launin fata da ƙirar jiki suke, sai abinci da lafiya su ƙara nasu. Af, tunda na zo nan: ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi, maniyyin namiji ne ke zuwa da X, a haifi mace, ko Y, a haifi namiji. Dangin miji masu gorin "ita mata kawai take haifa" su juya su kalli ɗansu.

Yarinya ta gado baƙar fatar mahaifinta da siririn jikin kakarta, sai ta buɗe TikTok ta ga wasu farare sul, cikakku, ba ta san wayar ce ta gyara su ba. Daga nan sai kemis. Kwanaki wata uwa ta kawo mini 'yarta mai shekara 15, fuska ta yi suntum kamar wata ɗan daren sha huɗu, ƙafafu kuma kamar sillen kara, cinya duk nankarwa. Uwar har murna ta yi da farko, wai yarinya ta fara cika. Da na keɓe da ita na ce, "'Yata, me kike sha?" sai ta zaro ƙulli daga cikin hijabi. Ƙwayoyin nan ne da ake kira sha ka fashe. Yawancinsu deksametason ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka. Abin da yake tarawa ruwa ne da kitse a fuska da ciki. Yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi, yana rikita al'ada, kuma yana iya tsaida tsawon yaron da bai gama girma ba. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma hatsari ne. A asibiti ake rage shi sannu a hankali.

Man bilicin ma haka. Sinadarin melanin da ke sa mu baƙi shi ne laimar da ke kare fata daga ranar Zariya. Mayukan haɗi na ɗauke da haidirokwinon ko sitiroyid, wasu ma da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Fata ta yi laushi har jijiyoyi su fito kore, gaɓoɓin yatsu su ƙi fari su tona asiri, ranar da aka zo yin tiyatar haihuwa kuma ɗinki ya ƙi kamawa da wuri.

Sai soyayya, wadda iyaye ba sa son a ambata. Ku yi haƙuri, tana nan ko an ambata ko ba a ambata ba. Faɗuwar gaba, kasa cin abinci, kwana kan waya, aikin sinadarai ne irin su dofamin a ƙwaƙwalwa. Sashen da ke jin daɗi yakan riga nuna, shi kuwa sashen goshi mai auna sakamako ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Yaro ba lalacewa ya yi ba don ya ji wata ta kwanta masa, amma linzaminsa bai yi ƙwari ba tukuna. Shi ya sa nake cewa a san jinsin jini tun kafin zuciya ta kamu. Mai shekara 14 za ka gaya masa ya ji. Wanda aka riga aka kai wa kuɗin gaisuwa, kunnensa ya toshe.

Ga yadda abin yake. Jinsin jini daban, rukunin jini daban. Sau da yawa ina tambaya a ce mini, "Ni O ce." Wannan na ƙarin jini ne. Wanda nake nufi shi ne AA, AS, SS, akwai kuma AC da SC. Harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma mai SS shi ne mai ciwon sikila, wato amosanin jini. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana ƙwallo, babu madubin da zai nuna masa, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Na ce kowane ciki. Kada wani ya ce miki, "Ai ɗa na huɗu ne kawai ke fitowa da shi, sai mu tsaya a uku." Jini ba ya ƙirga haihuwa. Akwai gidan da 'ya'ya 3 a jere duk SS ne, akwai wanda aka haifi 6 babu ko ɗaya. Auren zumunci kuma, da muke da shi sosai a cikin ganuwa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, tunda tushen ɗaya ne.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana rayuwa kwana 120. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ne, kuma takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Wanda ya taɓa kwana jinyar yaro da hunturu, yana ihu ƙashinsa kamar ana sara, ba sai an yi masa bayani ba. Masu amosanin jini sukan yi jinkirin balaga, don haka a daina yi musu ba'ar ƙanƙanta. Suna karatu, suna aiki, suna aure. Mai SS da ya auri AA ba zai haifi SS ba.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma limamai da dama a nan Zazzau suna neman takarda kafin su ɗaura. Madalla. Sai dai gwajin saura mako biyu biki, an haɗa lefe, an raba goro, shi ke sa wasu sayen takardar bogi. Baba, Mama, ku kai su tun suna ƙaramar sakandare. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da ɗakunan gwaji masu rajista. Ku ce gwajin jinotaif na ilektiroforesis kuke so, don wasu ƙananan gwaje-gwajen gaggawa ba sa bambance AS da SS. Idan an yi wa yaro ƙarin jini, a jira wata 3 kafin a gwada. Kafin aure a sake yi a wani wurin daban, sannan takardar a ajiye ta tare da ta haihuwa.