Babban allo da RAM a harkar ƙara wa furosesa gudu

Ƙara wa furosesa gudu shi ne tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur yin aiki da saurin da ya zarce wanda kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade. Saurin furosesa yana fitowa ne daga lambobi biyu, wato bugun agogon tushe da babban allo (faifan da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa) ke bayarwa da kuma adadin ninkin da ke cikin furosesar, don haka wanda ke son ƙarin gudu dole ya taɓa ɗaya daga cikinsu. Kasancewar ta babban allo ake sauya waɗannan lambobi, shi ne kuma ke shayar da furosesa wuta, sau da yawa zaɓinsa da na RAM (ma'adanar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita) kan yanke iyakar abin da za a samu tun kafin a kunna na'urar.

Tarihi

A farkon shekarun 1990 ana sauya gudu ne da hannu, ta hanyar cire wasu ƙananan filogi a jikin allo a mayar da su wani gurbi. Kamfanin Abit na Taiwan ya yi suna wajen 1996 da tsarin SoftMenu, wanda ya mayar da wannan aiki cikin BIOS, manhajar saitin da ke jikin babban allo. Daga wajajen 1998 Intel ya shiga kulle adadin ninki a furosesoshinsa, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne wasu 'yan kasuwa na goge lambar furosesa mai araha su sayar da ita a matsayin mai tsada.

Kullewar ta mayar da hankalin masu harkar kan agogon tushe, kuma a nan ne furosesar Intel mai araha, Celeron 300A ta 1998, ta shahara. An ƙera ta da ninki 4.5 a kan agogo mai megahaz 66, abin da ke ba da kusan 300. Idan aka ɗora ta a kan allo mai cifset (guntun lantarkin da ke haɗa furosesa da sauran sassan allo) na 440BX, irin su Abit BH6, aka ɗaga agogon zuwa 100, sai ta tashi zuwa 450, ta kama ƙafar Pentium II mai tsadar gaske. Sai dai RAM ma tana bin wannan agogo, saboda haka tilas ne a nemi nau'in PC100 mai jure megahaz 100. A ɓangaren AMD kuwa, wajen 2000 masu furosesoshin Athlon da Duron kan buɗe ninki ta hanyar haɗa wasu ƙananan gadoji da ke saman furosesar da bakin fensir.

Zuwan furosesoshin Sandy Bridge na Intel a 2011 ya rufe wannan babi, domin an ɗaure agogon tushe mai megahaz 100 da wasu sassan allo, ta yadda ɗaga shi ko kaɗan kan rikita na'ura. Aka koma sayar da furosesoshi masu harafin K, kamar Core i5-2500K, waɗanda ninkinsu a buɗe yake, amma sai a kan allo mai cifset P67 ko Z68.

Babban allo

A tsarin Intel har yanzu cifset mai harafin Z ne ke ba da damar ɗaga ninki, ko da yake tun B560 na 2021 an bar masu allon matsakaicin farashi su ƙara wa RAM gudu. AMD ya bar yawancin furosesoshin Ryzen a buɗe tun 2017, inda allunan X da yawancin na B ke karɓar sauyi, na A kuma ba sa karɓa.

Bayan cifset, abin dubawa shi ne VRM, sashen da ke kewaye da mazaunin furosesa, wanda ke sauko da bolt 12 zuwa bolt ɗaya da ɗoriya. Idan ya yi zafi fiye da kima yakan sa furosesa ta rage gudu da kanta. Yawan layukan wuta da ake rubutawa a jikin kwali ba ya isa hujja, tunda ingancin kowane layi da ƙarfen da ke kwashe masa zafi sun fi adadin tasiri.

RAM

Hukumar JEDEC ce ke tsara gudun asali na RAM, wanda ake aunawa da miliyoyin aike a daƙiƙa, inda nau'in DDR4 ta tashi daga wajen 2133 a kasuwa zuwa 3200, DDR5 kuma ta fara daga 4800. Abin da ya haura haka yana zuwa ne cikin saitin da aka adana a jikin sandar RAM, wato XMP na Intel, wanda ya fito wajajen 2007, ko EXPO na AMD na 2022, kuma sai an kunna shi a BIOS. Ana auna gudu tare da jinkiri, wanda ake rubutawa da CL (adadin bugun agogon da RAM ke jira kafin ta amsa), domin DDR4-3200 mai CL16 da DDR4-3600 mai CL18 duk jinkirinsu nanosakan 10 ne. A Ryzen 3000 an fi son 3600 saboda agogonta, wanda rabin wannan lamba ne, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Infinity Fabric, hanyar da ke haɗa sassan furosesar, a megahaz 1800. Sanda biyu sun fi huɗu sauƙin kaiwa babban gudu, kuma kamfanonin allo kan wallafa jerin sandunan da suka gwada.

Saɓani

Kamfanoni kan ce lalacewar da ƙarin gudu ya jawo ba ta cikin garanti, kuma akwai saɓani kan ko kunna XMP kaɗai ya shiga wannan hukunci. A 2024, da aka samu matsalar tsayawar wasu furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14, an fara zargin saitin wutar da masu allo ke sakawa, daga baya Intel ya danganta ta da wuce kimar ƙarfin lantarki, ya kuma fitar da gyara ta BIOS.