Wai me ake nufi da "aksesibul" ne?

Tun da wa'adin shekara 5 ɗin nan ya cika a Janairun 2024, wato wanda aka bayar don gyara gine-ginen jama'a a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019, kalmar Turancin nan aksesibul ta cika gari. A rediyo ita, wajen buɗe sabon gini ita, ɗan siyasa yana Hausarsa tiryan-tiryan sai ka ji ya jefo ta, "ai ginin nan namu aksesibul ne". In ka je ka duba, ɗan gangaren siminti ne birkila ya manna a gefen matakala, a tsaye kamar hawan dutsen Kufena, wanda ƙato mai ƙafa biyu ma sai ya dafa bango. Wannan shi ke ba ni haushi wallahi, an mayar da kalmar sunan gangare, alhali abin da take nufi shi ne mutum ya kai ga abin da aka yi ginin dominsa, da kansa, ba tare da an cicciɓe shi ba.

Mu ɗauki misali. A ce za a gina hasumiyar kallon tsuntsaye a bakin dam ɗin Kubanni can Samaru, ko a gefen kogin Galma, inda ake ganin balbela da zalɓe da kirinjijiya, da shamuwa in damina ta kawo kai. Ƙa'idar da masu zanen gini suka sani ita ce duk hawan mita 1 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 12. To in ka ce hasumiyarka mita 6 ce, gangaren mita 72 kenan, ban da wuraren hutawa shimfiɗaɗɗu da dole a sa kusan kowane mita 9, don hannun da ke tura keken guragu yana gajiya kuma in ya saki baya zai yi. Kun ga tun daga nan kalmar ta shiga cikin tsayin ginin kansa. Ni a ganina gara a nemi tudu a yi mai mita 3 da kowa zai kai ƙololuwa, da a yi mai mita 10 wadda rabin jama'a za su tsaya a ƙasa suna ɗaga kai. Wani zai ce a sa lif mana, wato na'urar da ke hawa da mutane sama. Da wace wutar, a bakin ruwa cikin daji, kuma wa zai gyara in ta tsaya?

Sai kuma wanda aka fi mantawa da shi. An sha wahala an yi gangaren, bawan Allah ya turo kekensa har sama, sai ya tarar an yanka tagar leƙen daidai idon mai tsaye. Idon wanda ke zaune a keke bai wuce wajen mita 1.2 daga ƙasa ba, katako kawai zai gani, tsuntsun da ya zo dominsa sai dai a ba shi labari. Dole a yi taga ta ƙasa, a bar rami a ƙarƙashinta inda gwiwa za ta shige ya matso jikin bango, da ɗan kanta da zai ɗora gwiwar hannu in yana riƙe da madubin hangen nesa. Yara ma tagar tasu ce, da dattijon da ba ya iya doguwar tsayuwa.

Kuma littattafan Turawa keken asibiti suka auna, wanda filin mita 1.5 ya ishe shi juyawa. Mu nan Zariya keken da muka fi gani a titi mai taya uku ne da ake murzawa da hannu, ya fi tsawo, kwanar da ta ishi wancan ba za ta ishe shi ba. Akwai kuma masu tafiya da hannu da silifas a tafi, in ka shimfiɗa musu daɓen ƙarfe ka tuna da ranar watan Afrilu, ƙonewa za su yi, ga shi ƙarfe yana ƙara, kafin a kai sama tsuntsayen sun tashi. Katako ya fi, a jera shi ba tare da giɓin da taya ko sanda za ta faɗa ba. Makaho kuwa da kunne yake nasa kallon, masu binciken tsuntsaye ma da kuka suke gane da yawansu, don haka a ba shi madafa da ba ta yankewa tun daga ƙasa har sama, kuma kar a kawo janareta kusa.

Duk wannan aikin banza ne in hanyar da ta taso daga titi zuwa gindin hasumiyar taɓo ce a watan Agusta, ko babu bayan gida da keke zai iya shiga.

Abin da na fi ƙi a yadda ake faɗin kalmar a rediyo shi ne muryar tausayi, "mun taimaka wa 'yan uwanmu nakasassu", kamar sadaka aka bayar. Haƙƙi ne, doka ce ta ce a yi. Kuma ba a gane gini aksesibul ranar yanka ƙyalle, tun yana kan takarda ake kiran masu keken da makafin a baza musu zanen a karanta musu, su faɗi inda za su maƙale, don gyara layin fensir ya fi fasa kankare arha.