Shin ma'aunin halin mutum da aka ƙera a Amurka zai auna ɗan Damagaram daidai?

Wane irin ma'auni ake magana?

Takardar tambayoyi ce da masana halayyar ɗan'adam ke bai wa mutum ya cike, don a ga yadda yake zama da jama'a. Tun 1957 wani Ba'amurke, Timothy Leary, ya zana abin kamar da'ira mai layi biyu: ɗaya daga son shugabanci zuwa miƙa wuya, ɗaya daga sakin fuska zuwa ɗaurewa. A 1979 Jerry Wiggins ya fitar da ma'auni mai raba da'irar gida takwas.

To me zai hana ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya fassara takardar ya raba a unguwannin Birni da Zango?

Fassara ita ce mai sauƙi: wani ya juya zuwa Hausa, wani dabam ya mayar, a kwatanta. Wahalar tana cikin abin da amsa ke nufi. A ce an tambayi matashi ko yana jin nauyin musanta maganar wani. Ya ce e, domin da kawunsa yake tunani, kuma an hore shi kada ya ɗaga ido gaban babba. Takarda za ta rubuta shi cikin masu miƙa wuya. Alhali yaron nan shi ne shugaban fadarsu, wato majalisar hirar samari, ba mai ja da shi wurin shan shayi. Haka matar da ba ta sakin jiki da ɗan farinta a gaban mutane: kunya ce, amma lissafi zai iya kiran ta marar ƙauna.

Akwai kuma yadda ake tambayar. Inda mai bincike ne ke karanta wa mutum, da yawa sukan ce "haka ne" don kada su kunyata baƙo.

Yaya ake gwada ko ma'aunin ya yi?

Mataki uku ne. Da farko a duba ko tambayoyin sun taru gida-gida kamar yadda suka taru a ƙasar asali. Sannan a duba ko kowace tambaya tana da nauyi ɗaya a wuraren biyu. Na ukun shi ne ko maki ɗaya na nufin abu ɗaya. Sai an haye wannan ne za a iya cewa mutanen wuri kaza sun fi na wuri kaza sakin fuska. In ba haka ba, kamar a auna hatsi da tiyar Kasuwar Dole ta Damagaram, wani ya auna da tasa ƙarama, sannan a yi gardamar wa ya fi samun damina. A ganina, nan ne ake yawan yin gaggawa.

An taɓa gwadawa a wajen ƙasashen Turawa?

An yi, musamman da ma'aunin manyan halaye biyar, wato wani ma'auni dabam da ke kasa halin mutum kashi biyar. A 2005 Jérôme Rossier da abokan aikinsa sun kwatanta Burkina Faso da Suwizalan, tsarin ya fito kusan iri ɗaya, sai dai da Faransanci aka cike takardar. A 2013 Michael Gurven ya gwada a wurin ƴan ƙabilar Tsimane na Bolibiya, da harshensu, biyar ɗin ba su fito ba, biyu aka samu. A Hong Kong kuwa Fanny Cheung ta faro daga halayen da Sinawa ke ambata da kansu, ta gano wani ɓangare na kiyaye zumunci da mutunci wanda ma'aunin Amurka bai kama ba.

Mai bincike a Damagaram fa, daga ina zai fara?

Daga bakin mutane: ya tambayi Bahaushe, Babarbare, Bafillace da Buzu yadda suke siffanta maƙwabcin kirki da na banza, ya gina tambayoyinsa a kan haka, ya gwada kowane harshe dabam kafin ya haɗa makinsu a jadawali ɗaya.