Tambayoyin da ake ta yi mini kan lambunan ruwa na Suzhou

Duk Alhajin da ya zo sarin kaya Yiwu ko Guangzhou ya samu kwana biyu kafin a gama loda masa kwantena, sai ya kira ni da tambayoyi iri ɗaya. Ga amsoshin, a karanta kafin a kira.

A ina suke?

Birnin Suzhou, lardin Jiangsu, a ƙasar Sin. Daga Shanghai kusan minti 30 ne a jirgin ƙasa mai gudu.

Gona ce ko wurin wasan yara?

Ko ɗaya. Gidajen manyan ma'aikatan sarki ne da masu ilimi, waɗanda suka haƙa tafki a tsakar gida suka kewaye shi da rumfuna. Mafi girma shi ne Zhuozheng, wanda Wang Xianchen ya fara ginawa a 1509, zamanin daular Ming, bayan ya bar aikin gwamnati. Faɗinsa hekta 5 da 'yan kai. Hukumar UNESCO ta sa lambuna huɗu cikin jerin kayan tarihin duniya a 1997, ta ƙara biyar a 2000.

Na shiga na fito cikin minti 20, ban ga komai ba.

Haba Alhaji! Ka shiga kamar mai neman shagon da aka yi masa kwatance, me za ka gani? Da gangan maginan suka ɓoye lambun. Katanga ta tare ka, taga mai ado ta nuna maka ɗan gefen ruwa, gadar dutse ta lanƙwashe don dole ka juya fuska. A tsakiyar Zhuozheng akwai inda za ka tsaya ka hango hasumiyar Beisi can ƙarshen tafki kamar a cikin gidan take, alhali tana waje, cikin gari. Mai sauri ba ya ganin wannan. Koma ka zauna a rumfa ɗaya, ka dubi yadda rufinta ya kwanta a kan ruwa.

Rana ɗaya ce gare ni. Wanne zan shiga, kuma yaushe?

To, wannan ba ta da amsa guda. Idan tafki mai faɗi kake so, Zhuozheng ne, amma kowa ma can yake zuwa, kuma da hantsi ayarin masu yawon buɗe ido kan cika gadojin har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Sai dai ka kasance a bakin ƙofa tun kafin a buɗe, ko da yake wani lokacin hakan ma ba ya fisshe ka. Ni na fi son Wangshi, wanda bai wuce rabin hekta da kaɗan ba: tafki ɗaya ne ƙarami, amma ginin da ke bakinsa an yi shi ƙasa-ƙasa, sai ruwan ya yi kamar ya fi haka girma. Wanda idonsa ya saba da ƙaton abu yana iya raina shi, shi ya sa ba kowa nake turawa ba. Batun wata kuma, furen lotas, ɗan'uwan badon tafkunanmu, yana buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da zafi da gumi da ruwan sama suke kan ganiyarsu. Afrilu da ƙarshen Oktoba sun fi daɗin jiki, sai dai babu furen. Idan da yara, wataƙila lambun Shizilin, wanda aka gina a 1342, ya fi, don ana ratsa cikin duwatsunsa. Abin da ba na shakka a kai: kada ka je makon farko na Oktoba ko farkon Mayu, hutun ƙasa ne. Lambu biyu sun isa a rana ɗaya.

Duwatsun nan masu huji fa, sassaƙa su aka yi?

Galibi daga tafkin Taihu aka ɗauko su, ruwa ne ya cinye su haka. Inda aka sa shinge, kada ka hau.

Zan iya alwala a tafkin?

A'a, don Allah kada ka yi. Fito da alwalarka daga masauki. Kuma ka kwantar da hankali: akwai masallacin Taipingfang a cikin gari, ga shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi a unguwanni da yawa.

Tikiti fa?

Saya tun da wuri ta waya, da sunan da ke fasfonka, kuma ka riƙe fasfon a aljihu. Hotonsa a waya ba kullum yake yi ba.