Cikin ƙasa ba tekun narkakken dutse ba ne

Mutane da yawa, da sun ga hoton dutse mai aman wuta, sai su ɗauka duniya kamar tukunyar kunu take: ɓawo a sama, ƙasa kuwa narkakken dutse na tafasa har tsakiya. Sam ba haka abin yake ba.

Daga ƙarƙashin ɓawon har zurfin kilomita kusan 2,900, dutse ne mai tauri, illa dai zafi ya sa yana jan jiki 'yan santimita a shekara. Abin da duwatsu masu aman wuta ke amayarwa yana fitowa ne daga wuraren da suka narke nan kusa da sama.

Sashen da yake ruwa-ruwa yana can ƙasa da haka, kuma narkakken ƙarfe ne haɗe da wani nau'in ƙarfe mai suna nikel. Kai-komonsa ne ke samar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas zuwa arewa. A tsakiyar tsakiya kuma akwai dunƙulen ƙarfe daskararre, daga cibiyarsa zuwa gefe kusan kilomita 1,220. Zafinsa ya haura digiri 5,000, kusan kamar fuskar rana, amma nauyin duniya da ke danne shi ya hana shi narkewa.

Ba wanda ya leƙa ya gani. Rami mafi zurfi da aka haƙa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗoriya. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin, domin wani nau'in girgizar ba ya ratsa abin da yake ruwa-ruwa, wani kuma yana karkacewa idan ya shige shi. Da nazarin irin wannan karkacewa Inge Lehmann, masaniyar girgizar ƙasa 'yar ƙasar Denmak, ta gano dunƙulen a 1936.